Makullin Bawul a Naɗin Hula

Kankiya,
Juma'a da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi kai ki lafiya, shi sauke ki lafiya, shi tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri. Na san za ki yi dariya ki ce Baban da muke kwana gida ɗaya da shi, me ya kai shi rubuta wasiƙa kamar mai neman aikin gwamnati? Yi dariyarki. Akwai maganar da bakina ya kasa ɗauka shekara bakwai, shi ne na ce bari in gwada ko hannu zai iya. Zan ba mahaifiyarki ta tura miki ita ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don kada ki gan ta sai kin sauka.

A rumfata nake rubutun nan, bisa cinya, a inuwar darbejiyar da kika sani. Motoci na wucewa Katsina ɗaya-ɗaya, ba wanda tayarsa ta yi faci tun safe, kamar an roƙe su su bar ni in gama. Iska na kaɗa ganye, inuwar tana yawo a kan takardar, ni kuma hankalina yana tafiya yana dawowa. In kin ga zancen ya karkace, ki yi haƙuri da tsoho.

Ranar Litinin za ki fara aiki a ɗakin masu ciwon zuciya, a asibitin nan na birni inda aka taɓa kwantar da ni. Ranar da takardarki ta iso kin gaya mana cewa shugabar ɗakin yanzu ita ce Sista Talatu, nas ɗin da ta kula da ni a wancan lokacin. Na ga yadda fuskarki ta sauya. Kika ce, "Baba, wallahi ko gaishe ta ba ni yi. Matar da ta kusa kashe mani uba da sakaci?" Na ci gaba da jan carbi, kika ɗauka haƙuri ne irin na manya. Tsoro ne, Uwani. Matar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri. Jinin da kika gani malale a ƙasan ɗakin nan, ni na zubar da shi da hannuna, kuma na bari aka ɗora mata. Ba na son ki shiga gabanta da wannan fuskar, shi ya sa zan gaya miki yadda abin ya faru. Amma kin san halina, sai na faro daga nesa.

Lokacin da na baro Dudunni ina saurayi, a Kusada na fara kafa rumfar faci, ranar kasuwa kawai nake samun aiki sosai. A zamanin nan facin wuta muke yi. Ka kankare tif ɗin taya a wurin hudar, ka shafa sholisho, ka ɗora ɗanyar roba, ka matse da ƙarfe, ka kunna ɗan kananzir a samansa. Wutar ta ci ta mutu, sannan ka jira ƙarfen ya huce da kansa kafin ka kwance. Jiran nan shi ne aikin, sauran duk yaro ma ya iya.

Wata rana wani Bafulatani daga wajen Yashe, ana ce masa Buba, ya turo babur ɗinsa da jarkoki biyu na nonon matansa ɗaure a baya. Rana ta fara zafi, yana ta duban sama yana cewa, "Malam Lawal, yi da jiki, nonon ga bai son rana." Ni kuma ga wani mai keke yana jira, ga son a ce ina da saurin hannu. Sai na kwarara wa ƙarfen ruwa, ya yi cuu, na kwance. Na duba facin ya kwanta lumui, na danna da babban yatsa, na ce ya kama. Bai yi nisa ba facin ya ɗaga, tayar ta sace lokaci guda, ya faɗi a yashi, jarkokin suka buɗe. Ya dawo yana tura babur, gwiwarsa na jini, ƙudaje na bin wandonsa. Na shirya shan zagi, amma bai zage ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ni dai na ce ka yi sauri, amma kai ka san aikin."

Har yau ina jin muryarsa. Ki riƙe wannan, Uwani: marar lafiya zai ce ki yi sauri, danginsa za su ce mota na jira, wani ma zai ɗaga miki murya. Duk wannan ba izini ba ne. Ke aka koya wa aikin, ke za a tambaya. Ni tun daga ranar ban sake kwance faci da zafi ba, ko hakimi ne a tsaye a kaina. Har direbobin Kankiya suka laƙaba mini Lawal Sai-Ya-Huce, kin sha jin suna kirana da shi kina ɓata fuska. Na ba ki labarin nan ne don ki san cewa abin da na yi daga baya ba rashin sani ba ne.

Ciwon ƙirjin kuwa kin san shi, ko da yake ba ki san tsawon lokacin da na ɓoye shi ba. Damina biyu ina jin kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji duk lokacin da na ɗaga tayar babbar mota. In na zauna sai ya sauka, ni kuma in ce gyambon ciki ne, in sha kanwa. Mahaifiyarki ce ta lura na daina hawa tudun masallaci a tafiya ɗaya. Don haka in dattijo ya ce miki jiya abin ya fara, ki gyaɗa kai, ki juya ki tambayi matarsa.

Da aka kai ni birni, likita ya ce jijiyar da ke shayar da zuciyata ta tsuke, za su shiga su buɗe ta, kuma ta tsintsiyar hannu za su bi. Na yi ta mamaki, ina hannu ina zuciya. Aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, aka kwantar da ni, aka miƙar da hannuna na dama a kan wani katako. Suka yi mini allurar kashe zafi a wurin, suka ba ni wani magani da ya sa jikina ya yi sakayau, ban yi barci ba kuma ban farka ba. Na ji ana tura wani siririn tiyo yana hawa cikin damtsena, ba zafi, kamar dai tafiyar kiyashi. Sai na juya ido na ga allon da likita ke kallo. Da suka saki ruwan maganinsu, wasu baƙaƙen rassa suka fito a allon suna rawa, suka ɓace, suka sake fitowa. Wallahi sai na ga gonarmu ta Dudunni bayan an ɗauke ruwan farko, yadda ruwa ke tsaga yashi ya rabu ƙanana-ƙanana yana gangarawa kwari. Na ga kakarki, mai sunanki, tsaye a gindin gawo tana sheƙar gero, ƙaiƙayi na tashi a hankali kamar ba zai sauka ba. Muryar likita na zuwa mini daga can nesa, yana cewa ga wurin nan, ga shi ya buɗe. Suka bar wani ɗan ƙarfe a ciki mai kama da sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan ta cikin biro, don ya riƙe hanyar. Ni dai ina gona abina, ban so a dawo da ni ba.

Da suka zare tiyon, a nan na fara ganin Sista Talatu sosai. Ba ta wuce shekarun ƙanwata ta ƙarshe ba, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ɗaura mini wani maɗauri na roba a tsintsiyar hannu kamar agogo, garai-garai, kana hango fatarka ta cikinsa. A ƙarƙashinsa akwai 'yar jakar iska daidai kan hudar, ga ɗan tiyo ya leƙo, a bakinsa kuma bawul, ɗan mashigin iska irin na taya. Ta sa sirinji ta ba shi iska har jinin ya tsaya. Sannan ta rage kaɗan-kaɗan tana kallo, har wani ɗigon ja ya leƙo, ta mayar da ɗan abin da ta rage, ɗigon ya tsaya cak. Ta maƙala mini wani abu a babban yatsa mai nuna bugun jini, ta dube shi, ta matsa farcena ta ga ya yi fari ya koma ja. Ina kwance ina kallon hannunta, zuciyata ta ce, yau ga 'yar sana'armu a cikin farin kaya.

Aka mayar da ni ɗakin jinya, ta zo ta tsaya a kaina ta yi mini bayani. Ta ce, "Baba, jijiyar da aka huda babba ce, ba irin wadda ake ɗibar jini ba ce, kuma an ba ka maganin da ke tsinka jini. Iskar nan ita ke danne hudar har ta rufe. In lokaci ya yi zan riƙa zuwa ina ragewa kaɗan-kaɗan. Kada ka lanƙwasa hannun, kada ka dafa da shi, kada ka taɓa maɗaurin. In ya dame ka, ka kira ni." Na ce, "To, ɗiyata, Allah shi yi albarka." Na faɗa da baki, amma a raina ina cewa yarinya za ta koya wa Lawal iska.

Mahaifiyarki ta shigo, ta ga kaina ba hula, kin san ba ta son ganin haka ko a gadon asibiti, sai ta ɗauko ta daga jaka ta kafa mini. A naɗin hular nan nake soke makullin bawul, ɗan ƙarfen nan da bai kai tsawon ashana ba, wanda nake kwance iskar taya da shi. Shekara talatin a nan yake zama, har na manta da shi kamar yadda mutum ke manta haƙorinsa. Ita ma ba ta san yana ciki ba.

Aka kira azahar, kuka fita ke da ita yin salla. Baffanki Iro, wanda ya rako mu, yana waje yana hira da masu jinya. Ɗakin ya yi tsit, fanka na juyawa a hankali, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafafuna. Hannun ya fara yi mini nauyi, yatsuna suna tsiyayar ƙaiƙayi kamar na kwanta a kansu. Na ɗora babban yatsan hagu a kan 'yar jakar na danna, yadda nake danna taya in san ƙarfinta ba tare da ma'auni ba. Yatsana ya ce iskar ta yi yawa. A daidai lokacin wani bawan Allah a can ƙarshen ɗakin numfashinsa ya sarƙe, ma'aikata suka ruga kansa, aka ja labule. Sista Talatu ta leƙo da gudu ta dubi hannuna ta ce, "Baba, yanzun nan zan dawo," ta koma.

Zan iya ce miki kunya ce ta hana ni kiranta, don ana ceton rai ni kuma in ɗaga murya saboda ƙaiƙayin yatsa. Akwai wannan. Amma babban abin shi ne girman kai. Na dubi bawul ɗin nan na ga ɗan'uwan wanda nake taɓawa sau hamsin a yini. Na ce fis ɗaya kawai zan rage, ba wanda zai sani, in ta dawo ma ta samu na rage mata aiki. Na kai hannun hagu naɗin hula, na zaro makullin, na danna.

Abin da ban lissafa ba, taya tana da ciki, wannan kuwa iskar da ke cikinta ba ta isa ta cika bakin mutum ba. Ga hannun hagu, ga magani bai sake ni ba. Kafin in ɗaga yatsa ta fice duka. Na ji wani daɗi ya ratsa hannun, ɗumi ya sauko har yatsu, na ce ka gani, aikin mai aiki. Har na dafa katifa da shi don in gyara zama. Sai na ji ɗumin ya wuce inda ya kamata, yana gangarowa gwiwar hannu. Na duba, jini na fitowa ta ƙarƙashin robar, yana tsalle yana tsayawa, yana tsalle yana tsayawa, daidai da bugun ƙirjina. Abin mamaki ban firgita ba. Na zuba masa ido ina cewa ashe haka jinina yake da ja. Ƙarar fankar ta yi nisa, gadon ya fara lilo a hankali, gonar nan ta dawo, har ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da an bar ni, da na bi hanyar gonar nan na tafi ban ko yi sallama ba.

Sista Talatu ce ta dawo da ni. Ban ga zuwanta ba, sai dai na ji yatsu sun danne mini hannu da ƙarfin da ban zaci siririyar mace na da shi ba. Ta ɗaga hannun sama tana kiran a kawo kaya, tana kiran sunana, "Baba Lawal, dube ni, kada ka rufe ido, gaya mini sunan garinku." Jinin da ya taru a ƙarƙashin fata ya kumbura mini hannu har ya yi kamar taɓarya. Tana tsaye a sunkuye tana danne wurin, ban san tsawon lokacin ba, na dai ga gumi na ɗiga daga haɓarta, farar rigarta ta ɓaci har ƙasa. Da jinin ya lafa aka sa sabon maɗauri, aka naɗe hannun, wannan karon ya daɗe a ɗaure ƙwarai. Tana gyara zanen gado sai hannunta ya ci karo da makullin. Ta ɗaga shi, ta dubi bawul ɗin tsohon maɗaurin, ta dube ni. Ta buɗe tafin hannuna na hagu ta sa shi, ta rufe yatsuna a kai.

A nan zan tsaya in ba ki shawara irin ta wanda ya kwanta a gadon, don karatun maɗaurin nan kin fi ni sani. Na sha jin ki a tsakar gida kina haddarsa da ƙarfi har kaji suna tsayawa saurare: in ya matse da yawa jijiya ta toshe, in ya yi sako-sako jini ya ɓalle, a rage a hankali, in ɗigo ya fito a mayar da iskar a jira. Duk daidai ne. Abin da ba a rubuta muku ba shi ne mutumin da ke jikin hannun. Kafin ki ɗaura wa kowa, ki tambaye shi sana'arsa. In ya ce manomi ne, ki san zai raina ɗan ramin da bai kai ƙwayar dawa ba. In ya ce makaniki ne ko tela ko mai faci, ki san hannunsa ba ya iya ganin abu ya bar shi, ki ce ya ba ki ajiyar abin da ke aljihunsa da hularsa. Kada ki tsaya a kan "kada ka taɓa", ki gaya masa zai ji nauyi, zai ji ƙaiƙayi, wannan ba komai, amma in yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko zafi ya tsananta, to ya kira ki ko kina kan wani. Ki ce masa kiran ba rashin kunya ba ne, don dattijonmu ya gwammace ya suma da ya ƙwala wa 'yar mutane kira.

Kuma ki tuna hannun dama ne. Da shi za mu gaisa da duk wanda ya zo dubiya, ko mutum ashirin ne, kowa sai ya girgiza. Da shi za mu dafa tabarma mu tashi, da shi za mu ɗauki buta, da shi za mu karɓi kofi, don miƙa hagu abin kunya ne a wurinmu. Ki faɗa wa masu dubiyar da bakinki, ki ɗauke masa nauyin faɗa. In kin zo dubawa kada ki yarda da "lafiya lau", ki ɗage hannun rigar ki gani da idonki, don kumburi yana ɓuya sarai a cikin babbar riga.

Yanzu ga wurin da alƙalamin ke yi mini nauyi. Babban likita ya zo, ransa a ɓace, ya tsaya a ƙafar gado ya ce, "Yaya aka yi iskar ta fita?" Baffanki ya riga ya shigo yana ta faɗa, yana nuna Sista Talatu da yatsa yana cewa, "Mun kawo maku mutum da ƙafarshi, kuna son ku ba mu gawa! Ina kika tafi kika bar shi?" Ke kuma kina bakin ƙofa, shekararki goma sha shida, sallaya a hannunki, kina kallon jinin da ke ƙasa. Makullin yana cikin tafina, har ya huda mini fata don matsewa. Kalma huɗu ce kawai, ni ne na taɓa. Na buɗe baki, na dube ki, na ga yadda kike kallona kamar babu wani mutum a duniya da ya kai babanki, sai na rufe ido na yi kamar jiri ne ya ɗebe ni.

Na ji ta da kunnena ta ce, "Ni ce na bar shi shi kaɗai, ranka ya daɗe." Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta ƙara ko kalma ba. Likitan ya yi mata faɗa a gaban marasa lafiya da masu jinya, faɗan da ko ni ba zan yi wa ɗan cikina a gaban mutane ba. Daga baya na ji an ba ta takardar tuhuma, an ɗauke ta daga ɗakin an kai ta wani sashe na tsawon lokaci. Duk da haka ita ta ƙarasa rage mini iskar maɗauri na biyu da yammacin ranar, kaɗan-kaɗan, tana zuwa tana komawa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ranar da aka sallame ni ta kawo takardar magani, ta sunkuyo kamar tana gyara mini filo, ta ce a hankali yadda ba mai ji, "Baba, in za a dawo ganin likita, a bar makullin nan a rumfa." Na kasa ɗaga ido. Har yau ban san dalilinta na rufa mini asiri ba. Wataƙila ta ga abin da na gani a bakin ƙofa.

Ki ji ni da kyau, Uwani. Za ki yi kuskure a aikin nan, ba makawa, duk mai aiki da hannu yana yi. In kin yi, ki faɗa a ranar, a wurin, tun mutanen suna tsaye. Ni na ce bari in warke tukuna. Da na warke na ce bari Baffanki ya huce. Da ya huce labarin ya riga ya zaga Kankiya da Dudunni, kowa ya zo gaishe ni sai ya ce Allah shi isar maka, ni kuma in ce amin a ciki-ciki. Kowace shekara faɗar gaskiyar tana ƙara tsada, har na wayi gari ni ma ina ba da labarin yadda aka saba ba da shi.

Amma mafi munin abin da na yi ba a asibiti na yi shi ba, a tsakar gidanmu na yi. Kin tuna shekararki ta farko a makarantar jinya, da kika dawo hutu kina bin kowa kina auna bugun jininsa, har akuyar mahaifiyarki ba ki bari ba? Kika kama hannuna na dama kika laluba, kika sake lalubawa, ba ki samu komai ba. Na gaya miki abin da likita ya ce, cewa jijiyar ta toshe saboda daɗewar da ta yi a danne a karo na biyu, ɗayar jijiyar ce ke shayar da hannun yanzu, shi ya sa yake saurin gajiya. Kika riƙe hannun da hannu biyu kika fashe da kuka, kika ce, "Ita ta jawo, Baba. Wallahi sai na zama nas ɗin da ba ta barin marar lafiya ko na minti ɗaya." Ranar Allah ya buɗe mini ƙofa har bango, daga ni sai ke, ba Baffa ba likita. Na ce miki, "Ƙaddara ce, ɗiyata." Kin san me ya hana ni? Daɗi na ji. Na ji daɗin kukan da kike yi saboda ni, na ga fushin nan yana tashinki karatu tun asuba, yana sa ki fi 'yan ajinku, na ce ai yana da amfani. Na bar ki kina ɗauke da ƙiyayyar baiwar Allah don in ci gaba da zama mutumin kirki a idonki. Wannan ya fi jinin da na zubar yi mini ciwo, kuma ina jin kunyarsa har cikin ƙashina.

Aikin da kika zaɓa mai kyau ne, dalilin da na bari kika riƙe ne ba shi da kyau. Ki ajiye shi. Nas ɗin da kike son zama, wadda ba ta barin marar lafiya, kin riga kin gan ta da idonki kina da shekara goma sha shida, rigarta jiƙe da jinin ubanki.

Jiya bayan la'asar na gaya wa mahaifiyarki. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar, ta daɗe tana kallon garin. Sannan ta ce, "Haba Malam, 'yar mutane." Har yanzu da ido take ba ni amsa. Baffanki zan hau babur in same shi a Dudunni gobe in gaya masa da kaina, ya yi faɗan da zai yi.

Ga roƙona. Ranar Litinin, kafin ki nemi inda za ki ajiye jaka, ki nemi Sista Talatu. Ki rusuna ki gaishe ta yadda za ki gaishe da yayar mahaifiyarki. Ki ce ke ɗiyar Lawal mai faci ce na Kankiya, ki ce ya faɗa, a makare, amma ya faɗa, kuma yana roƙon ta yafe masa. In ta ce in zo da ƙafata, zan rufe rumfa in zo. In ta ce ta manta da ni, kada ki yarda, kara ce take yi mini a karo na biyu. In kuma ta ɗaure fuska, haƙƙinta ne, ki yi mata biyayya ki koyi aiki a hannunta, don ban san wanda ya fi ta iya shi ba.

Za ki lura ban raka ki tasha ba ranar Lahadi, na ce aiki ya riƙe ni. Ba aiki ba ne. Ba zan iya tsayawa kina ɗago mini hannu ta tagar mota da wannan kallon naki ba, alhali na san abin da ke cikin jakarki. In kin gaishe ta, ki kira ni. Ba sai kin yi dogon zance ba, ko "Baba, ina wuni" kika ce ya ishe ni. In kuma kin ga ba ki iya jin muryata yanzu, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan aiko kowa ya yi miki magana ba. Wayar tana aljihun gaban rigata, na ƙara mata ƙara, zan jira.

Allah shi tsare mini ke a inda idona bai kai ba. Allah shi sa albarka a hannuwanki, shi sa duk wanda kika taɓa ya tashi, shi haɗa ki da shugabanni masu tausayi da marasa lafiya masu jin magana fiye da ubanki. Allah shi dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Lawal Mai Faci.